Darasin Kimiyya: Yadda Za Mu Haɗa Cajar Sola Don Fita Kashta



Da zarar sanyi ya shigo Riyad a watan Nuwamba, har zuwa wajajen Maris, ranakun Juma'a da Asabar sun zama na fita bayan gari, abin da mutanen ƙasar nan suke kira kashta. Wasu iyakarsu Wadi Hanifa ko Wadi Namar da ke kusa da mu a nan Badi'a. Wasu kuma sai sun dangana da Sumama, ko Raudat Khuraim, ko jan yashin da ke wajen Muzahimiyya. A ɗauki darduma da butar shayi da gawayi da nama, a cika mota da yara. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne cajin waya.

A cikin gari mutuwar waya ƙaramin abu ne. A sahara kuwa waya ita ce taswira, ita ce fitila, da ita kuma ake kiran 911 ko motar asibiti ta 997 idan wani abu ya faru. Ga shi inda sabis yake da rauni batir ya fi saurin ƙarewa, domin wayar tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa. Idan mota ta kafe a yashi, babu mai hankalin da zai ƙarar da mai ko batirin motar wajen cajin waya. Shi ya sa a wannan fitowa za mu koyi haɗa ƙaramar caja mai aiki da hasken rana, wadda ɗalibi zai iya haɗawa tare da mahaifinsa ko yayansa a yini guda.

Abin lura: a cikin darasin nan, idan muka ce “waya” muna nufin wayar hannu. Igiyar da wuta take bi kuwa za mu kira ta “kebul”, don kada a rikice.

Yadda haske yake zama wuta

Idan kuka dubi farantin sola da kyau za ku ga an jera wasu ƙananan gidaje masu launin shuɗi ko baƙi. Kowane gida ana yin sa ne da wani sinadari mai suna silikon, wanda ake tacewa daga farin yashi. Ana yin sa hawa biyu: hawa ɗaya a sa masa ɗan fosfaras, ɗayan a sa masa ɗan boron. Idan haske ya sauka a kansa sai ya zaburar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron, bambancin hawa biyun nan kuma ya tilasta musu bin hanya ɗaya. Wannan tafiya tasu ita ce wutar lantarki. Ku riƙe wannan da kyau: haske ne yake yin aikin, zafin rana ba ya ƙara komai. Za mu dawo kan wannan magana.

Wani matashi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura da wannan al'amari a 1839, yana ɗan shekara 19. Sai a 1954 masu bincike na Bell Labs a Amurka suka ƙera gidan silikon mai amfani, wanda yake juya kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya same shi zuwa wuta. Farantan da ake sayarwa yau suna kaiwa wajen kashi 20.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a inda muke zaune. A 1981 aka kunna tashar sola mai ƙarfin kilowat 350 domin ƙauyukan Uyaina da Jubaila, kimanin kilomita 50 arewa maso yamma da Riyad, a can saman wannan Wadi Hanifa da ya ratso ta kusa da unguwarmu. An yi aikin ne ƙarƙashin wata yarjejeniya da Saudiyya da Amurka suka ƙulla a 1977. A 2021 aka ƙaddamar da tashar Sakaka a yankin Jauf mai megawat 300, sannan ga ta Sudair mai megawat 1,500. A gida ma haka: Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Kuma tun kafin nan, Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shafe shekaru yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana na Nijar. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi yau. Farantinmu na wat 20 da tashar Sakaka duk hanya ɗaya suke aiki, sai dai za a jera irin namu miliyan 15 kafin a kamo ta.

Kalmomi huɗu da lissafi ɗaya

Ku ɗauki wuta tamkar ruwa a cikin tiyo.

Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin turin ruwan.
Amfiya, harafin A, shi ne yawan ruwan da yake wucewa.
Wat, harafin W, shi ne aikin da su biyun suke yi tare. Bolt sau amfiya shi ne wat.
Wat-awa, Wh, shi ne yawan ruwan da ya taru a randa. Wat sau awa shi ne wat-awa.

A jikin batir za ku ga an rubuta mAh. Dubu ɗaya na mAh shi ne amfiya-awa ɗaya. Batirin waya mai 5,000 mAh ke nan yana da amfiya-awa 5. Ƙarfin irin wannan batir kusan bolt 3.7 ne, don haka 5 sau 3.7 ya ba mu wat-awa 18.5. Rumbun caji, wato abin da ake kira fawa bank, mai 10,000 mAh yana ɗaukar wat-awa 37. A takarda zai cika wannan waya sau biyu. A aikace kuwa sau ɗaya da rabi ne ko ɗan sama da haka, saboda wani kaso na wutar yana zama zafi a hanya.

Yanzu mu yi wa iyali lissafi. Wayoyi biyu, wat-awa 37. Fitilar caji mai 2,000 mAh, wat-awa 7.4. Jimla wajen 44. A ƙara rubu'i saboda asara, ya zama 55. Rumbun caji na yau da kullum yana karɓar bolt 5 da amfiya 2, wato wat 10. A lokacin sanyi ku yi lissafi da awa huɗu zuwa biyar na rana mai ƙarfi, wato wat-awa 40 zuwa 50 a yini. Kun ga bai cika 55 ba. Darasin da ke ciki shi ne: a bar gida da komai cike da caji, rana ta riƙa mayar da abin da aka kashe.

Kayan da ake buƙata

Mun sa sunayen wasu da Larabci don sauƙin tambaya a shagunan kayan wuta, irin na Batha da sauransu. A zaga shago biyu ko uku kafin a saya.

1. Farantin sola, lauh shamsi, mai wat 20, irin wanda ake kira na bolt 12. A bayansa akwai takarda: za ku ga yana aiki a wajen bolt 18 da amfiya 1.1, idan kuma ba a jona masa komai ba yana kaiwa bolt 21 zuwa 22.
2. Na'urar rage bolt, khafid juhd, mai ƙofar USB. A tabbatar tana iya karɓar aƙalla bolt 24, tana fitar da bolt 5 tsayayye da amfiya 2 zuwa 3. A zaɓi mai wurin ɗaure kebul da sukuru, don kada a buƙaci liƙi da dalma.
3. Rumbun caji, shahin mutanaƙƙil, na kamfani sananne, mai 10,000 ko 20,000 mAh.
4. Kebul mai jijiya biyu, ja da baƙa, tsawon mita uku, kaurin milimita sukwaya ɗaya.
5. Gajeren kebul na USB mai kauri.
6. Ƙaramin makunni, miftah.
7. Ƙaramin akwatin roba mai murfi.
8. Sandar katako biyu, da ƙusa ɗaya, da guntun katako.
9. Mita ta gwajin wuta, da ƙaramar mitar USB mai nuna bolt da amfiya idan an samu.
10. Sukundireba, filaya, da tef na masu gyaran wuta.

Wani zai ce, tun da rumbun wat 10 kawai yake karɓa, me ya sa za a sayi faranti mai wat 20? Dalili biyu ne. Na farko, lambar da aka rubuta a jikin faranti an same ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace mita sukwaya, farantin kuma yana kan digiri 25. A fili da wuya ya ba da fiye da kashi 70 zuwa 80 na wannan lamba, na'urar rage bolt ma ta ci wajen kashi 10. Abin da zai rage wat 12 ne zuwa 14. Na biyu, idan rumbu ya nemi fiye da abin da faranti yake iya bayarwa, bolt ɗin farantin sai ya faɗi warwas, caji ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa. Rarar nan ita take hana haka. Saboda wannan dalili ne kuma ba mu zaɓi na'ura mai cajin gaggawa ba, domin tana iya neman wat 18 ko fiye.

Matakan haɗawa

Mataki na ɗaya: a kifa farantin a kan darduma, ko a rufe fuskarsa da kwali. Faranti ba shi da makunni, muddin yana ganin haske yana ba da wuta.

Mataki na biyu: a buɗe ƙaramin akwatin da ke bayan farantin. Akwai wuri mai alamar + da mai alamar −. A feƙe bakin kebul kamar santimita ɗaya, a ɗaure jar jijiya a +, baƙar a −. Idan farantin ya zo da nasa kebul, sai a haɗa shi da namu, a naɗe kowace jijiya daban da tef.

Mataki na uku: gwajin farko. A raba bakin jijiyoyin biyu kada su taɓa juna, a fitar da farantin rana. A juya mita zuwa ma'aunin bolt na DC, a lambar da ta wuce 20. Jan tsinken mita a jar jijiya, baƙi a baƙa. Ya kamata a ga 20 zuwa 22. Idan alamar − ta fito a gaban lambar, an juya jijiyoyin ke nan, sai a gyara tun yanzu, domin juyayyar wuta tana iya ƙona na'urar rage bolt nan take.

Mataki na huɗu: a sake rufe farantin. Babba ya huda akwatin roba: rami ɗaya na shigar kebul, ɗaya na makunni, ɗaya na ƙofar USB, da ƙananan ramuka biyar ko shida na shan iska, domin na'urar tana ɗumi idan tana aiki.

Mataki na biyar: a zura kebul cikin akwatin, a yi masa ƙulli daga ciki don kada fizga ta tsinke haɗin. Jar jijiya ta shiga ƙafa ɗaya ta makunni, daga ɗaya ƙafar wata guntuwar jar jijiya ta tafi wurin shigar wuta mai alamar + a jikin na'urar. Baƙar jijiya ta wuce kai tsaye zuwa mai alamar −. A ɗaure sukurori sosai, a ja kowace jijiya a hankali a ga ko ta kama.

Mataki na shida: gwaji na biyu, kafin a jona kowace waya. A fita rana, a kunna, a sa mitar USB. Abin da ake so shi ne bolt 5, ko tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ya wuce haka a kashe, a nemi mai gyara ya duba.

Mataki na bakwai: a yi wa farantin ƙafafu da sandunan nan biyu, a ɗaura su a ramukan da ke jikin firam ɗinsa yadda za su buɗe su rufe. Sai a kafa ƙusa a tsaye cak a kan guntun katako, a manna shi a gefen firam, fuskarsa daidai da fuskar farantin, inda ba zai yi wa gidajen inuwa ba.

Mataki na takwas: a jona rumbun caji da gajeren kebul. Idan fitilunsa suka fara ƙiftawa, aiki ya yi kyau.

Ku lura da inda muka sa dogon kebul: tsakanin faranti da akwati. A wannan ɓangare wat 10 yana tafiya ne da bolt 18, don haka amfiya kaɗan ne, wajen 0.6. A ɓangaren USB kuwa amfiya 2 ne. Duk inda amfiya ya yi yawa, asara a cikin kebul ta fi yawa. Shi ya sa na USB ya zama gajere.

Yadda ake amfani da ita a fili

Riyad tana kan digiri 24 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana karkata kudu da tsakar rana, kuma farantin kudu zai fuskanta. Idan ba ku da kamfas, ku kafa sanda. A lokacin zawali, da inuwa ta kai ƙarshen gajarta, arewa take nunawa. A nan haka abin yake duk shekara. A Kano ko Maraɗi kuwa, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan bi ta arewa, inuwar tsakar rana ta koma kudu. Wanda ya je hutu gida sai ya gwada ya gani.

A watan Disamba tsayin ranar Riyad daga ƙasa wajen digiri 42 ne kawai ko da tsakar rana, don haka a jingine farantin da karkata ta wajen digiri 40 zuwa 45. A watan Yuni kuwa rana kusan a tsakar ka take, sai a kwantar da shi. Ƙusar nan da muka kafa ita ce malamarku: ku juya farantin har inuwarta ta ɓace a gindinta. Duk bayan awa ɗaya ko biyu a sake gyarawa.

Abubuwa uku ne suke cin wutar faranti. Na farko inuwa. Irin wannan faranti yawanci gidaje 36 ne a jere, kowanne yana ba da wajen rabin bolt, shi ya sa jimla ta zama 18. Kamar leburori ne a layi suna miƙa wa juna bulo: idan ɗaya ya tsaya, layin duka ya tsaya. Igiyar tanti ko ganye guda a kan gida ɗaya yana iya zubar da yawancin wutar. Na biyu ƙura, wadda ba ma rasa ta a nan. A goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa da safe, tun gilashin bai yi zafi ba. Kada a goge busasshen yashi da ƙarfi, zai karce shi. Na uku zafi. Duk digiri ɗaya da farantin ya haura 25, yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari. A bazarar Riyad, da iska take haura digiri 43, faranti yana iya kaiwa 65. Ƙarin digiri 40 ke nan, asarar kashi 16. Don haka a ɗaga shi daga kan yashi ko saman mota, iska ta riƙa bi ta bayansa.

Tsarin da ya fi shi ne: da rana faranti ya cika rumbu, da dare rumbu ya cika wayoyi. Wasu wayoyin, idan girgije ya gifta wuta ta ragu, ba sa komawa cikakken caji sai an cire an mayar.

Kiyaye lafiya

Bolt 22 na farantin ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma akwai dokokin da ba a karya su.

Kada a taɓa jona waya kai tsaye da faranti. Bolt 18 zai kashe ta.
Kada a haɗa wani ɓangare na wannan aiki da soket ɗin bango.
Faranti a rana, rumbu da waya da akwati a inuwa. Amfanin kebul mai mita uku ke nan. Batirin litiyam ba a cajinsa a zafin da ya wuce digiri 45.
Kada a bar rumbu cikin rufaffiyar mota da rana, ko kusa da murhun gawayi.
Rumbun da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a daina amfani da shi nan take, a ajiye shi nesa da kayan da ke kama wuta. Kada yaro ya buɗe shi, kada a huda shi.
Kada ɗalibi ya ciro tsofaffin batura daga kwamfuta don ya haɗa rumbun kansa.
Mai son ƙara batirin bolt 12 yana buƙatar na'urar daidaita caji da fiyus. Wannan darasi ne na daban.
Mai tafiya gida ta jirgi ya sani cewa rumbun caji a jakar hannu yake shiga, ba a kayan awo ba. Iyakar da aka saba ita ce wat-awa 100, mai 20,000 mAh kuwa 74 ne. Duk da haka a duba dokar kamfanin jirgin.

Ga iyaye

Iyayenmu, muna roƙon ku zauna tare da yaran a wannan aiki. Huda akwati da feƙe kebul naku ne. Awo da lissafi da rubutawa kuwa a bar musu, mata da maza, ko da za su yi kuskure sau biyu kafin su dace. A gwada cajar a saman bene ko a tsakar gida yini guda cur kafin ranar fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma caja ba ta maye gurbin shiri. Akwai wuraren da babu sabis ko kaɗan, waya cike da caji ma ba za ta kira kowa ba. A sauke taswira a waya tun daga gida. A gaya wa wani inda za a je da lokacin dawowa. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha. Idan wurin da nisa, a tafi da mota biyu. Idan mota ta lalace, a zauna kusa da ita, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa. A ware waya ɗaya, a rage hasken fuskarta, a hana yara wasa da ita, ta zama ta ko-ta-kwana.

Aikin gida

1. Batir mai 4,000 mAh da bolt 3.7, wat-awa nawa yake ɗauka?
2. Wani faranti yana ba da bolt 18 da amfiya 0.55. Wat nawa ke nan?
3. Idan zafin faranti ya kai digiri 55, kashi nawa cikin ɗari ya rasa?
4. Rumbu mai wat-awa 37 yana buƙatar a zuba masa wajen wat-awa 44 kafin ya cika. Awa nawa zai ɗauka idan yana karɓar wat 10?
5. Bayyana dalilin da ya sa dogon kebul yake tsakanin faranti da akwati.
6. Gwaji: jona rumbun da cajinsa ya yi ƙasa, ka rubuta bolt da amfiya da mitar USB ta nuna a kowace awa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Da tsakar rana rufe gida ɗaya na farantin da kwali, ka rubuta abin da ya faru. Sannan kwantar da farantin, ka sake jingine shi, ka kwatanta.

A rubuta amsoshin a littafin kimiyya, a kawo wa malamin aji tare da jadawalin awon. Wanda ya kammala cajarsa ya zo da ita makaranta, za mu fita fili mu gwada su gaba ɗaya, mu ga ta wa ta fi ba da wuta da kuma dalili. Allah ya ba da sa'a, ya kai mu ya dawo da mu lafiya.